Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a shafin Hausa na wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana malamai da ɗalibai, tun ba 'yan ajin ƙarshe ba, waɗanda su ke shirin ɗaure akwati. Abin da ya tayar mini da maganar wani zance ne da na tsinta ran nan a gindin mangwaron da ke bakin ɗakin cin abinci. Samari huɗu ne zaune, ba su san ina bayansu ba. Ɗaya ya ce shi da zarar ya karɓi takardar shaidarsa, ko a hanya aka gamu bai san kowa ba, kowa tasa ta fisshe shi. Na biyu ya ce in aka kuskura aka tura shi makarantar ƙauye, ba zai cika wata uku ba zai tsere. Sauran biyun suka ƙyalƙyale da dariya, suka tafa. Na wuce ban ce musu uffan ba, amma maganar ta kwana a raina.

To, ga shi na kusa ajiye alli, kuma abin da shekaru suka koya mini shi ne, malami jarinsa biyu ne tak: haƙurin da ya yi a wurin aikinsa, da mutanen da ya yi zaman kirki da su. Duka biyun ba su nuna riba da wuri. In kuwa ribar ta tashi zuwa, ta kan shigo ta ƙofar da mutum bai taɓa sa wa ido ba. Samarin nan biyu suna shirin zubar da jarin nan ne tun ba su fara ciniki ba. Bari in faɗi dalilina, in ya so mai karatu ya auna da kansa.

Ni haifaffen Sabo ne ta Ibadan, garin da iyayenmu ke kira Badun. Unguwar nan tun 1916 aka yanka wa Hausawa ita, abincinta kuwa a da cinikin goro da na shanu. Wanda bai san yadda a ke cinikin shanu a can a da ba zai yi mamaki. A wancan zamani falke ya kan taso daga Arewa da garkensa, ko a ƙasa ko a jirgin ƙasa, ya sauka gidan maigidansa. Maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su kai shanun kara, mahauta su ɗauka bashi, su yanka su sayar, bayan 'yan makonni su kawo kuɗi. Ba takarda, ba sa hannu, ba lauya. Abin da ya riƙe cinikin duka shi ne kalmar maigida, don shi ne ya tsaya lamuni. In mahauci ya biya, madalla. In ya gudu, wuyan maigida ne.

Mahaifina ƙaramin maigida ne, baƙinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ina yaro, wani mahauci da aka daɗe ana hulɗa da shi ya ɗauki bijimai shida na wani baƙonmu mutumin wajen Nguru, ya sayar, ya ɓace da kuɗin kamar ƙasa ta haɗiye shi. Abokan Baba suka ba shi shawara ya ce wa baƙon asara ce ta faɗa wa kowa, a raba ta biyu. Baƙon da kansa, da ya ga halin gidanmu, ya ce ya yafe rabi. Baba ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, na ci la'adarka shekara da shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Ya sayar da kekensa da rediyonsa, Inna ta fid da tasoshinta na jere. Sauran kuwa ya riƙa aikawa kaɗan kaɗan ta hannun fatake masu komawa gida. Shekara uku ya yi yana biya. Ya fara biya da fam da sule, ya ƙare da naira, don a tsakanin nan ne aka canja kuɗi, a farkon 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu. Ba na manta shekarun nan, don sallah biyu muka yi ba sabuwar riga, kuma a zuciyata ta yaro na ɗauka Baba wauta ya yi. Baƙon bai sāke zuwa Kudu ba, don farin da aka yi a shekarun nan ya cinye dabbobi da yawa a ƙasarsu. Baba ya rasu bai ga ko anini na ribar abin da ya yi ba.

Da na gama firamare aka mai da ni Arewa wurin ƙanen mahaifina, na shiga makarantar horon malamai. Lokacin nan ne Gwamnati ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau a 1976, ana gina azuzuwa ko'ina, ana neman malamai ido rufe. Da na fita aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Nguru. Na tarad da aji biyu na bulo, da allo, da rajista mai sunaye kusan arba'in. Ran farko yara bakwai suka zo. Ran kasuwa uku. Da damina ta faɗi, wata rana ni kaɗai na zauna da awaki. Na bi gida gida, a yi mini maraba, a kawo mini ruwa, a ce in Allah ya so gobe yaro zai zo, goben kuwa ba ta zuwa. Ba ƙiyayya su ke yi mini ba. Ba su san ni ba ne kurum, kuma ba wanda zai ɗauki ɗansa, wanda ke yi masa kiwo da noma, ya danƙa wa yaro baƙo mai wando da takalmi sau-ciki, wanda ba a san asalinsa ba.

Tun ran da zan tafi Inna ta ce mini, "In ka je, ka nemi mutumin babanka ka gaishe shi. Garinsu ba nisa da inda aka kai ka." Na ce to, amma a raina na ce ina ruwan malamin makaranta da mai sayar da shanu? Ga girman kai na ƙuruciya, ga kuma haushin rigunan sallar nan da bai bar ni ba. Wata takwas na yi ban je ba. Sai da na rubuta takardar neman canji na sa a aljihu, sa'an nan na ce bari in je in sauke nauyin Inna, kada in koma ta tambaye ni in ji kunya.

Na iske tsoho a zaure, idonsa ya fara raunana. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina da unguwarmu. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya miƙo hannu ya kama nawa ya ce, "Ɗana, yaushe ka zo ƙasar nan?" Na ce, "Baba, na ɗan kwana biyu." Ya ce, "Wata nawa?" Na sunkuyar da kai na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambayi rasuwar Baba, ya yi addu'a, ya sa aka kawo fura, ya tambaye ni aikina, na kwashe duka na gaya masa, har da takardar da ke aljihuna. Ya ce, "Bar ta nan tukuna, ka ba ni Juma'a ɗaya."

Ran Juma'a bayan an sallame salla, tsohon nan ya sa aka ta da shi tsaye a gaban liman da dagaci da jama'a. Ya ba su labarin bijimai shida tun daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Mutumin da ya biya ni bashin da bai ci ba, shekara uku, ba alƙali ba ɗan doka, ga ɗansa nan. Ni na ba shi amanar shanu ban yi asara ba. Gobe zan ba ɗansa amanar jikokina." Ran Litinin ya aiko da jikoki biyar, biyu mata. Kafin wata ya ƙare benci ya kasa, muna shimfiɗa tabarmi. Na yage takardar canji, na yi shekara shida a garin. Daga cikin yaran nan akwai waɗanda suka zama malamai, akwai ungozoma, akwai malamin gona. Tsohon bai ba ni ko kwabo ba. Abin da ya ba ni kuɗi ba su sayensa, kuma Baba ne ya biya shi tun ina yawo ba takalmi, bai kuwa san abin da ya ke saye ba.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin gida ɗaya ne. Mu duba tarihin Kano. Shekaru aru-aru fatakenmu, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kowane kogi, ga goro mai saurin lalacewa in ba a duba shi ana sāke masa ganye ba. A cikin wannan wahala suka koyi lissafi da riƙon amana, suka tara yara da abokan ciniki a garuruwa da ƙauyuka. Ba wanda ya taɓa kawo gyaɗa a ransa.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa auduga su ke so don masaƙun Ingila. Amma masaƙan gida sun fi su sayen auduga da daraja, manomi kuma ya san in kasuwa ta faɗi gyaɗa a kan ci ta, auduga kuwa ba mai tuƙa tuwonta. A Turai kuma an gano dabarar daskarar da man gyaɗa a mai da shi kamar man shanu, sai kamfanoni suka shiga nemanta. To, wa zai shiga ƙauyuka ya shawo kan dubban manoma? Bature bai san hanya ba, ba a kuma san shi ba. Sai aka koma ga tsofaffin fataken goro. Su suka aika da yaransu da gishiri da tufafi da kuɗin kafin-alƙalami, manoma suka karɓa don sun san masu aiken. Kafin a ce haka buhunan gyaɗa sun cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Ya tashi maraya, ya taka har Ankara ta ƙasar Gana ta yau wurin mahaifiyarsa, ya sha wuyar Yaƙin Basasar Kano, ya yi shekaru yana fataucin goro kafin ya taɓa buhun gyaɗa. Da ya buɗe ajiya a bankin Turawa a Kano, a kan raƙuma ashirin aka kai masa kuɗin ajiyarsa na azurfa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin mutanen Afirka ta Yamma. Dalar gyaɗar nan da mu ke gani a hotuna, wadda yanzu babu ita, a kan zumuncin hanyar Gwanja aka gina ta. Jirgin ƙasa na Bature ne, amma amanar da ta cika shi tsohuwa ce.

Ko a cikin sana'armu ta koyarwa akwai misali. Malam Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina sa'ad da aka yi gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, ya aika da Ruwan Bagaja. Ta nan ya san Dokta Rupert East na ofishin talifi a Zariya. Ya koma ajinsa ya ci gaba da aiki. A 1936 East ya neme shi ya zo Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 a ke neman editan Hausa, ba a yi dogon nema ba. Aikin da ya yi tsakani da Allah shekara shida baya, shi ya yi masa magana.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu tana da nauyi, don haka ba zan tsallake ta ba. Na farko zai ce, "Malam, ashe abin da ka ke koya mana shi ne kamun ƙafa da wa-ka-sani, cutar da ta hana mai cancanta samun aiki a ƙasar nan." Wallahi cutar nan gaskiya ce, na kuwa ga waɗanda ta kassara. Amma a duba da kyau. Tsohon nan bai ƙwace hakkin wani ya ba ni ba, bai sa an ɗaga ni bisa wanda ya fi ni ba. Shaida ya bayar a bainar jama'a bisa abin da ya gani da idonsa, sa'an nan ya bar ni da aikina. Da na yi sakaci da jikokinsa, da ran nan zai janye su. Ga ma'auni mai sauƙi: duk taimakon da za a iya faɗarsa a ƙofar masallaci ko ta coci ba a ji kunya ba, zumunci ne. Wanda sai an rufe ƙofa an yi ƙasa da murya, wannan kamun ƙafa ne, kuma ba shi na ke nufi ba.

Na biyu mai wayo ne, zai ce, "To, na ji. Bari in zaɓi waɗanda na ga alamar za su zama manya, in manne musu." Wannan ya yi asara tun bai fara ba, don ba mai iya karanta goshin mutum. A Kwalejin Katsina, wadda ita ma ta horon malamai ce kamar tamu, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya fita ya koma Bauci yana koyarwa shekara da shekaru. Wa zai ce a lokacin nan shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957? Baicin haka, mutane ba wawaye ba ne. Gaisuwar da a ke yi da ƙugiya a ciki, ana jin ƙarfen tun daga sallama.

Na uku zai ce, "Haƙuri, haƙuri! Da shi aka cuci malamai. Albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, a ce mu yi haƙuri." Ina tare da shi a nan. Haƙurin da na ke nufi ba mutuwar zuciya ba ne. Ka nemi hakkinka, ka shiga ƙungiyar malamai, ka rubuta, ka yi magana a inda ya kamata. Amma kada ka rama a kan yaron da ke zaune gabanka, don ba shi ya riƙe albashinka ba. Haƙuri shi ne ka shiga aji ka koyar da yara bakwai kamar su arba'in ne.

Kuma ba zan yi muku ƙarya in ce kowane alheri ya kan komo ba. Akwai mutanen da suka ci kuɗin Baba har ya mutu ba su ko zo gaisuwa ba. Ni ma akwai yaran da na yi wa wahala, yau mu haɗu su kau da kai. Manomi ya san ba kowace ƙwaya ke tsira ba, amma bai taɓa hana shi shuka ba, don wanda bai shuka ba shi ne ya tabbata ba zai girba ba. Ni kaina ina da tabo. Akwai abokina da muka yi shekara biyar gado na kusa da gado, ya faɗi jarrabawar ƙarshe, ni na ci. Ya rubuto mini sau uku ban amsa ba, ina ganin na wuce ajinsa. Ina ta cewa wata rana zan neme shi, sai labarin rasuwarsa na ji a bakin wani a tashar mota. Wannan ba ribar da zan ce na rasa, abokina na rasa, kuma ba ranar gyara.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan ajin ƙarshe, abu uku ne, ba mai cin kuɗi a ciki. Na ɗaya, kafin ka fita ƙofar kwalejin nan ka biya bashin da a ke bin ka, ko na sabulu ne, ka nemi gafarar wanda kuka yi faɗa, ka je ka yi sallama da masu dafa abinci da masu gadi da masinja kamar yadda za ka yi da Shugaba. Na biyu, ka sami ɗan littafi ka rubuta sunayen 'yan ajinku da garuruwansu da unguwar iyayensu, don waya ta kan ɓata, lamba ta kan canja, amma gidan uba yana nan. Kada ka tsaya ga 'yan garinku kaɗai. Allah ya haɗa mu a nan da Yarbawa da Ibo da Tibi da Nufawa da sauransu, Musulmi da Kirista, kuma ba ka san ƙasar da aiki zai jefa ka ko ɗanka ba. Ko sau biyu a shekara ka gaishe su, gaisuwar da ba roƙo a bayanta. Zumunta a ƙafa ta ke. Na uku, duk inda aka tura ka, ka ba wurin damina uku kafin ka yanke masa hukunci. Ka fara da gaida mai gari da liman da dattawa, kuma ka tambayi iyayenka ko suna da wani mutum a ƙasar. In sun ce akwai, kada ka yi wata takwas irin nawa.

Ku kuma samarin gindin mangwaro, na san za ku gane kanku, ba kuwa don in kunyata ku na rubuta ba. Na taɓa zama inda ku ke zaune, da takardar canji a aljihu. Ofishina a buɗe ya ke, ku zo mu sha shayi kafin ku tafi, ku bar mini sunan unguwarku in sa a littafina.

Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya haɗa ku da mutanen kirki a inda za ku, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Amin.